Mapul Ko Darbejiya: Wace Bishiya Ce Za Ta Yi Inuwa A Gidan Oyibi?

Tambaya: “Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Nima ce a nan Ankara, babban birnin Gana, kuma ni ke kula da ginin gidan da ɗana yake yi a wajen Oyibi, shi kuwa yana zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok. Ya turo mini hotunan bishiyoyin titinsu, waɗanda ganyensu ke komawa ja da ruwan ɗorawa kafin shigowar sanyi, ya kuma aiko da ’ya’yan wata bishiya mai suna mapul a cikin ambulan, yana so a shuka su a tsakar gida domin inuwa. Maƙwabcinmu ya ce ɓata lokaci ne, mu dasa darbejiya mu huta. Don Allah mene ne bambancin bishiyoyinsu da namu, shin tasu za ta yi a nan, kuma yaya ake kula da kowacce? Fulotin ƙafa 100 ne da 70.”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya sa albarka a wannan gini, ya nuna mana ranar tarewa lafiya. Idan na fahimce ki da kyau, kina son sanin ko irin da aka aiko zai zama bishiya a ƙasarmu, da abin da ya raba itatuwan ƙasashen sanyi da namu na ƙasashen zafi, da kuma yadda ake renon kowanne. Maganar mapul ba ta da tsawo: za ta iya tsirowa idan an yi mata dabara, amma ba za ta taɓa zama bishiyar da za a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta a Oyibi ba. Maƙwabcinku ya faɗi gaskiya a wannan. Inda na saɓa da shi shi ne darbejiya ita kaɗai ba ta wadatar da gida, kuma ita ma idan aka sa ta inda bai dace ba, katanga da sokawe ne za su ji a jikinsu. Sana’ata ita ce renon itatuwa da dasa su a gidaje da makarantu da harabar masallatai a Ankara da kewaye. Bishiyoyin Turai da Amurka ban rene su a ƙasarsu ba, don haka abin da zan faɗa a kansu ya fito ne daga karatu da kuma abin da idona ya gani ya sami waɗanda aka kawo nan.

Sanyi ke juya bishiyar can

Birnin Niyu Yok yana kusan digiri 41 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Ankara kuwa digiri 5 da rabi ne kacal. Saboda haka yini a can yakan kai sa’a 15 a watan Yuni, ya ragu zuwa sa’a 9 da ’yan mintoci a watan Disamba, alhali a wurinmu bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai sa’a guda ba. Mapul, wato bishiyar da ganyenta ke jikin tutar Kanada, da ’yan’uwanta irin su ok da elm da ash, duk an halicce su ne a kan wannan sauyi. Da zarar yini ya fara gajarta a watan Satumba, dare ya fara sanyi, sai bishiyar ta daina girma, ta janye abinci mai amfani daga ganyenta zuwa rassa da saiwa, ta tara sukari a jikinta domin kada ƙanƙara ta fasa ƙwayoyin halittarta, ta kuma rufe idanun tohonta da ɓawo mai tauri. Daga nan ganyen ya zube gaba ɗaya, ta shiga barci na watanni.

Launin da ya burge ɗanki yana cikin wannan shiri ne. Koren sinadarin da ganye ke sarrafa hasken rana da shi shi ne ke fara rushewa, sai ruwan ɗorawar da yake ɓoye tun farko ya bayyana. Jan kuwa ganyen ne ke ƙera shi daga sukarin da ya maƙale a cikinsa idan aka sami rana mai haske da dare mai sanyi. Ke nan ko da mapul ta rayu a nan, wannan adon da ake so ba zai fito ba, domin daren da ke haifar da shi babu shi a ƙasarmu.

Babbar matsalar tana wajen farkawa. Bishiyar da ta shiga wannan barci ba ta tashi don kawai an sami ɗumi, domin da haka take, da ɗumin kwana biyu a tsakiyar Janairu ya yaudare ta ta yi toho ƙanƙara ta kashe shi. Abin da take yi shi ne ƙidayar sa’o’in sanyi, wato lokacin da ma’aunin zafi ke tsakanin sifili da kimanin digiri 7, kuma yawancinsu suna bukatar ɗaruruwan sa’o’i irin waɗannan, wasu har fiye da dubu, kafin idanun toho su yarda su buɗe. A Ankara da wuya zafin dare ya sauka ƙasa da digiri 20, ko da a tsakiyar hunturu ne. Hawa dutse ma ba zai fitar da mu ba, domin zafi yana raguwa ne da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita dubu, kuma Afadjato, dutsen da ya fi shahara da tsawo a Gana, bai kai mita 900 ba. Aburi, garin da ke kan tudu kusa da Ankara, tana da ni’ima, amma ni’imarta ba ta kusa da abin da mapul ke nema.

Abin da na sha gani ga irin waɗannan dashe, musamman tuffa da wasu ke kawowa daga tafiya, kusan iri ɗaya ne. Shekarar farko suna yin kyau har mai gida ya fara murna. Daga baya sai toho ya riƙa fitowa a ƙarshen reshe kawai, sauran reshen ya zauna tsirara. Ganyen ya ƙanƙance, gefensa ya ƙone. Zafin dare kuma ya sa bishiyar ta riƙa cinye abincin da ta tara da rana, kamar mutumin da ake sa wa aiki aka kuma hana shi barci. Idan ta raunana, gara da ciwon ruɓewar saiwa su ƙarasa ta. Gaskiya ne manoman yankin Batu a tsibirin Jawa na Indunisiya suna noman tuffa ta hanyar tsige ganyen da hannu domin su tilasta mata sabon toho, amma a kan tsaunuka suke, da nau’in da ba ya bukatar sanyi mai yawa, kuma ’ya’ya suke nema daga gajerun itatuwa. Babu mai iya tsige ganyen bishiyar inuwa mai tsawon mita 15. Haka abin yake idan aka juya shi: da ɗanki zai dasa darbejiya ko mangwaro a waje a Bronx, daren farko na ƙanƙara zai gama da su, domin ba su san yadda ake wancan shiri ba.

Ruwa ke juya tamu

A Amurka mai neman bishiya yakan duba taswirar da ma’aikatar gonarsu ta raba ƙasar bisa tsananin sanyin kowane yanki. Mu abin da muke dubawa shi ne yawan ruwan sama da tsawon rani. Ankara da filayen da suka kewaye ta, har da Oyibi, suna samun kimanin milimita 800 a shekara, Kumasi kuwa wajen 1,400, shi ya sa itacen da ke bunƙasa ba tare da wahala ba a Aboabo ko Asawase zai iya tsugunewa a filayen Ankara. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda muna bakin teku muna da ruwa, alhali yankinmu yana cikin mafi ƙarancin ruwan sama a duk kudancin Gana. Wannan ne ya sa itatuwan da kakanninmu suka sani a arewa, irin su tsamiya da maɗaci da kuka, suke jin daɗin ƙasar nan.

Bishiyoyinmu ma suna zubar da ganye, amma ƙishirwa ce ke sa su, kuma kowacce da lokacinta. Rimi da kuka suna tuɓewa da rani. Gawo yana yin akasin haka, ya zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, abin da ya sa manoman arewa ke ƙaunarsa a gona. Bishiyar nan mai jan fure da aka kawo daga Madagaska, wadda ake kira fulamboyan, tana da kyau ƙwarai a watan Afrilu da Mayu, amma takan tsaya kusan babu ganye a lokacin rani. A nan ne mai neman inuwa ya kamata ya buɗe ido, domin a ƙasashen sanyi zubar ganye alheri ne: bishiya tana tare rana da bazara, da sanyi kuma ta bar hasken ya shiga ɗaki ya ɗumama shi. A wurinmu lokacin da itatuwa ke tuɓewa shi ne lokacin da zafi ya fi tsanani, wato Fabrairu da Maris. Don haka tambayar farko da nake so kowa ya yi wa mai sayar da dashe ita ce yadda bishiyar ke kasancewa a watan Maris. Darbejiya da mangwaro da ceɗiya da gwanja kusa suna riƙe ganyensu, tsamiya da maɗaci kuma ko sun sauya ganye ba sa daɗewa tsirara.

Rana ma ba hanya ɗaya take bi ba. A Niyu Yok da tsakar yini kullum tana kudu, shi ya sa littattafansu ke cewa a dasa bishiya a kudu da yammacin gida. A Ankara rana tana tsayawa daidai tsakiyar ka sau biyu a shekara, a farkon Afrilu da farkon Satumba, tsakanin waɗannan watanni tana ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma ta karkata kudu. Zafin tsakar rana kwanon rufi ne ke ɗaukarsa, kuma maganinsa silin mai kyau da iska mai ratsa ɗaki. Bangon da ke shan wahala shi ne na yamma, wanda rana ke duka daga bayan azahar zuwa magariba, bulo ya riƙe zafin ya riƙa sakinsa cikin ɗaki har tsakar dare. Idan bishiya ɗaya kawai za a iya dasawa, yamma ce wurinta, sannan gabas.

Yadda reno ya bambanta

A can ana dashe ne lokacin da bishiya ke barci, da kaka ko farkon bazara, har ana iya tono ta a sayar babu ƙasa a saiwarta. Tamu ba ta barci irin wannan, don haka dole ta zo a cikin leda da ƙasarta, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ruwa ya zauna. Shirin dashen itatuwa na ƙasa da aka fara a watan Yuni na 2021 da burin dasa miliyan 5 ya wayar da kan jama’a sosai, amma a ra’ayina wanda ke filayen Ankara gara ya riga Yuni, ya dasa a watan Mayu, domin ruwanmu yakan ɗauke daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta, ƙaramar daminar Satumba zuwa Nuwamba kuma ba abin dogaro ba ce. Iri ma ba ɗaya ba ne. ’Ya’yan mapul da yawa ba sa tsirowa sai sun yi wata biyu ko uku cikin sanyi da danshi, abin da ake kwaikwayo da jiƙaƙƙen yashi a firiji. Irin darbejiya da ƙwallon mangwaro kuwa suna mutuwa cikin ’yan makonni idan aka ajiye su, tsamiya kuma ɓawonta ne ke da tauri, sai an jiƙa ta ko an ɗan kankare ta.

Wajen haƙa rami dokar ɗaya ce a ko’ina, kuma ita ce aka fi karyawa. Ramin ya yi faɗi ninki biyu ko uku na ledar, amma kada zurfinsa ya wuce tsawon ƙasar da ke cikin ledar, domin wuyan bishiya, inda gangar jiki ta haɗu da saiwa, dole ya kasance daidai da fuskar ƙasa. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, idan saiwa ta nannaɗe a gindi a warware ta ko a datse ta. Takin kaji ko kashin tumaki sai wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanye yana ƙona saiwa yana kuma gayyato gara. Ana rufe gindin da busasshen ganye ko ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 10, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin bishiyar. A ƙasashen sanyi irin wannan rufi yakan yi shekara, a nan kuwa zafi da danshi suna narkar da shi cikin ’yan watanni, sai an riƙa sabuntawa.

Abokan gabar ƙaramar bishiya a can su ne ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a titi domin narkar da ita. A nan rani biyu na farko ne da awaki. Jarka ɗaya ta ruwa, irin mai ruwan ɗorawar nan da ake kira galan ɗin Kufuor, sau biyu a mako a zuba a hankali ya nutse, ya fi yayyafin kofi kullum, wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk suna da amfani, kuma masallatan da suka karkata magudanar alwala zuwa gindin bishiya su ne na ga dashensu ya fi saurin kamawa; ruwan omo da bilic ne ba a so. Kariya kuwa wajibi ce tun ranar dashe, ko da bulo aka jera da ramuka ko waya ko kwando, kuma ta kai tsawon da akuya ba za ta miƙe ta kai ga ganye ba. Gidan da babu kowa a ciki, irin naku a yanzu, sai an ɗora wa mai gadi ko maƙwabci wannan aiki an kuma biya shi, in ba haka ba gara a jira a tare.

Inda namu suka fi na can bukatar hannu shi ne wajen datsa. Itacen ok yana girma ’yan watanni ne a shekara, kuma wanda ya dasa shi yakan jira shekara ashirin ko fiye kafin ya sami inuwar kirki. Darbejiya da kasiya, bishiyar nan mai fure ruwan ɗorawa, suna girma kusan duk lokacin da suka sami danshi, cikin shekara huɗu ko biyar an fara zama ƙarƙashinsu. Wannan saurin ni’ima ce, amma yana nufin kuskuren siffa ma yana girma da sauri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a shekaru ukun farko a zaɓi gangar jiki ɗaya, a cire kishiyarta idan ta rabu biyu, a riƙa ɗage ƙananan rassa sannu a hankali har mutum ya iya wucewa a tsaye. A can ana datsa a ƙarshen sanyi kafin toho. A nan na fi son ƙarshen rani, kafin guguwar farkon damina da ke tasowa daga gabas a Maris da Afrilu, domin ita ce ke karya rassa a kan kwano da motoci. A yanka reshe da zarto daidai bayan kumburin da ke gindinsa, kada a bar kututture kuma kada a shafe shi daidai da jiki. Binciken masanin itatuwa na Amurka Alex Shigo ya nuna cewa bishiya da kanta take killace rauninta daga wannan kumburi, kuma shafa fenti ko baƙin mai ba ya hana ruɓewa.

Akwai wata al’ada da ke ci mini rai, wato a bar bishiya ta girma babu kulawa, idan ta kai wayar lantarki a kira mai adda ya sare kanta gaba ɗaya. Rassan da ke fitowa bayan haka suna da yawa, suna da sauri, amma a fatar itacen kawai suke maƙale, kuma su ne ke faɗowa bayan shekara uku ko huɗu. Haka nan tara shara a gindin bishiya a cinna wuta, da zuba kankare har jikinta, da sassaƙe ɓawon maɗaci domin magani. Wanda ya bi titunan Ankara zai ga maɗatai da yawa an feɗe su. Abincin bishiya ta ƙarƙashin ɓawo yake bi, idan aka zagaye ta da sara an yanke mata hanya ke nan, ko da za ta ɗauki shekara biyu kafin ta bushe.

Saiwa kuwa mutane suna zaton ƙasa take nutsawa kamar yadda gangar jiki ta tashi sama. Mafi yawanta a cikin santimita 60 na sama take, tana kuma bazuwa nesa fiye da inda inuwa ta tsaya, a can da nan duka. Bambancin shi ne tamu tana neman ruwa da ƙarfi lokacin rani, kuma sokawe da bututun da ke yoyo su ne rijiyarta. Wasu sassan filayen Ankara suna da baƙar ƙasa mai yumɓu wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, idan bishiya mai shan ruwa tana kusa da harsashin gini sai ƙasar ta ƙara janyewa bango ya tsage. Ceɗiya da durumi da gamji, duk da babu inuwar da ta kai tasu sanyi, na dandali ne da ƙofar fada da filin makaranta, kuma ba na sa su ƙasa da mita 15 daga gini. Maɗaci ma wanda ya ga girman waɗanda jemagu ke kwana a kansu kusa da Asibitin Sojoji na 37 ya san ba na ƙaramin fuloti ba ne, balle rimi, wanda lambun Aburi da aka buɗe a 1890 ke da ƙaton misalinsa. Bishiyar nan mai rassa hawa-hawa da ake kira ambarela, wadda ta cika sababbin unguwanni, tana da kyan gani da sauri, amma saiwarta a sama take kuma tana ɗaga tayil da dakali.

Wani darasi da ya kamata mu ara daga ƙasashen sanyi shi ne haɗarin dogaro da iri ɗaya. Cutar elm ta kashe bishiyoyi fiye da miliyan 25 a Birtaniya daga ƙarshen shekarun 1960, wani ƙwaro kuma da aka gano a jihar Mishigan a 2002 ya hallaka miliyoyin itatuwan ash a Amurka, titunan da aka jera musu iri ɗaya suka wayi gari babu inuwa. Daga irin wannan ne masani Frank Santamour ya ba da shawara a 1990 cewa kada nau’i ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na itatuwan gari. Mu ma mun ɗanɗana: a farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaro daga Asiya ya mamaye mangwaron Gana da Togo, ganye ya yi baƙi ƙirin, sai da aka kawo wasu ƙananan zanzaro daga Indiya suka rage shi. Kuma da yake babu ƙanƙarar da za ta karya zuriyar ƙwari a nan, suna hayayyafa duk shekara, kauci ma yana hawa rassa ba hutu, sai a riƙa dubawa ana yanke reshen da ya kama tun yana ƙarami. Wannan ne dalilin da ya sa irin da aka sako cikin ambulan yake da hatsari, kuma dokar Gana ta 2010 kan tsirrai da taki ta wajabta neman izini daga sashen kare tsirrai na Ma’aikatar Abinci da Noma kafin a shigo da iri ko dashe.

Abin da zan dasa a fulotin

Fulotin ƙafa 100 da 70, bayan an cire gini da wurin mota da sokawe, ba ya ɗaukar manyan bishiyoyi fiye da biyu, ko uku idan ginin bai cinye fili ba. Da ni ne, zan sa darbejiya ɗaya a kusurwar yamma, mita 6 zuwa 8 daga bango da sokawe, domin ita ce za ta fara ba da inuwa kuma ba ta tsoron fari. Ita ma baƙuwa ce daga Indiya da aka kawo zamanin Turawan mulki, ta sami ƙasa mai kama da tata ta bazu, har jemagu da tsuntsaye suna shuka ta ko’ina, don haka a riƙa tuge ’ya’yanta da ke tsirowa a gindin katanga. A tsakar gida zan sa mangwaro mai aure, wanda ba ya yin girman na gargajiya kuma yana fara ’ya’ya cikin shekara uku ko huɗu. Idan akwai sauran wuri a baya, tsamiya ce zaɓina: tana da nawa, amma itacenta yana da ƙarfi, iska ba ta cika karya ta ba, kuma jikoki za su same ta. Gwanja kusa tana da inuwa mai duhu, sai dai ’ya’yanta da ba su buɗe da kansu ba guba ne, don haka ba na sa ta a gidan da ke da ƙananan yara.

Shi kuwa ɗanki, tunda jan ganye ne ya shiga ransa, a gaya masa muna da bishiyar da ke yin haka a nan, wato wadda mutanen Asante ke kira abrofo nkate, mai faffaɗan ganye da ’ya’yan da yara ke fasawa su ci ƙwayar. Ganyenta yana komawa ja kafin ya zube, sabo kuma ya fito cikin ɗan lokaci, tana jure iskar gishiri ta bakin teku, rassanta kuma a shimfiɗe suke yadda ranar tsaka ke bukata. Aibinta shi ne yawan shara da saiwa mai bin sama, don haka wajen ƙofar gida ya fi dacewa da ita, nesa da tayil da wayar lantarki.

Ban ga ƙasar fulotin ba, kuma Oyibi tana da wuraren tsakuwa da na yumɓu kusa da juna, saboda haka kafin a sayi ko dashe ɗaya a sa leburan ginin su haƙa ramin gwaji mai zurfin rabin mita a inda ake son kowace bishiya, a cika shi da ruwa da yamma. Idan da safe ruwan ya tsotse, duk abin da na ambata zai yi. Idan har yana kwance, ƙasar tana riƙe ruwa, darbejiya da mangwaro kuma ba sa son haka, sai a tara ƙasa a yi tudu mai tsawon kamu biyu a dasa a kansa, ko a matsa zuwa wuri mafi tudu. A kuma tabbata an kwashe ɓaraguzan siminti da bulo daga wurin, domin a sababbin gidaje su ne ake binnewa daidai inda daga baya za a ce a dasa bishiya.